Daga Tsintuwa zuwa Riƙo: Tarihin Nema wa Yasassun Karnuka Gida a Ingila

A dokar Ingila, karen da aka tsinta yana gantali a titi ba mai shi, kwana 7 gare shi. Cikin kwanakin nan a kan tsare shi, a rubuta kamanninsa a littafi, a jira ko ubangijinsa zai zo cigiya. In kwana 7 suka cika ba wanda ya zo, hukuma tana da ikon yin ɗayan abu uku: ta sayar da shi, ko ta ba wanda zai riƙe shi, ko ta kashe shi ta hanyar da ba zai sha wuya ba. Tarihin gidajen karnuka na Ingila, wanda ya haura shekara 160, galibinsa labarin jayayya ne a kan wanne cikin ukun nan zai rinjaya. Mutane da yawa suna zaton tun farko an kafa gidajen ne don a sama wa yasassun karnuka sababbin iyayengiji. Ba haka abin ya ke ba. Wannan aiki shi ya zo daga ƙarshe, bai kuwa yiwu sosai ba sai da aka sami hanyar rage yawan karnukan da ke shigowa ta ƙofa.

Ya kamata a daidaita kalmomi tukuna. Abin da aka samu a yashe, Hausa tana ce masa tsintuwa, neman mai shi kuwa cigiya. Malaman fiƙihu sun yanke wa mai tsintuwa shekara guda yana cigiya. Turawan Ingila, da ya ke tsintuwarsu tana ci tana sha tana haushi, sun taƙaita abin zuwa 'yan kwanaki. Sa'an nan ga riƙo, kalmar da a ke amfani da ita ga ɗan da ya tashi a hannun wanda ba shi ya haife shi ba. Turawa sun raba riƙon kare gida biyu. Akwai wanda mutum zai ɗauki kare ya kai gidansa na ɗan lokaci, amma karen yana nan mallakar ƙungiya, ita ke biyan kuɗin abinci da na magani. Wannan shi za a kira riƙon ƙwarya a cikin wannan takarda. Akwai kuma wanda kare zai zama na mutum ɗungum, watau riƙon dindindin.

Cikin shekarar 1860 wata mace mai suna Mary Tealby, wadda aka haifa a 1801, tana zaune a arewacin birnin Landan, bayan sun rabu da mijinta, wani mai cinikin katako a garin Hull. Ba attajira ba ce, ba ta kuwa da wata sarauta. An ce wata ƙawarta ce, Sarah Major, ta nuna mata wani kare da ta tsinta yunwa ta kusa kashe shi. Suka yi jinyarsa, amma bai tashi ba. Daga nan Mary Tealby ta shiga tara irin waɗannan karnuka a ɗakin wanke-wanke na gidanta, da wurin ya kasa kuma ta sami wani tsohon bargan dawaki a unguwar Holloway. Sunan da aka sa wa wurin, in an juya shi da Hausa, shi ne Gidan Wucin Gadi na Ɓatattun Karnuka da Mayunwata. A lura da kalmar wucin gadi. Nufin waɗanda suka kafa shi, karen gida da ya ɓace ya sami wurin fakewa har mai shi ya zo, kada ya mutu a lungu ko ya faɗa hannun ɓarayin karnuka, waɗanda sana'arsu a Landan ta wancan zamani ita ce su sace karen mai kuɗi su nemi fansa.

Ba a cikin duhu aka fara ba. Tun 1822 Majalisar Dokoki ta yi dokar hana zaluntar shanu da dawaki, a 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda aka sani yanzu da haruffan RSPCA, dokar 1835 kuma ta shigar da karnuka cikin dabbobin da aka kare. A 1839 aka hana sa karnuka jan amalanke a Landan. Duk da haka, da labarin gidan Holloway ya fito, jaridar The Times ta yi masa ba'a cikin watan Oktoba na 1860. Hujjarta ita ce, ina dalilin gina wa kare masauki a birnin da 'yan Adam ke kwana a gindin gada da yunwa? Wannan tambaya ba ta wauta ba ce, har wa yau kuwa ba a daina yin ta ba. Abin da ya sauya ra'ayin masu karatu da dama shi ne wani bayani da ya fito a 1862 cikin mujallar marubucin nan Charles Dickens, inda aka gwama gasar nunin karnukan masu hali da halin da karnukan Holloway ke ciki. Gudummawa ta fara shigowa. Mary Tealby ta rasu a 1865, ba ta ga abin da gidanta ya zama ba.

Abin da ya zama kuwa, doka ce ta mai da shi haka. A 1867 aka yi dokoki biyu waɗanda suka shafi kowane kare a Landan. Ta ɗaya ta ɗora wa mai kare sayen lasin na sule 5 kowace shekara, aka ƙara shi zuwa sule 7 da sisi a 1878. Ta biyu ta ba 'yan sandan birnin ikon kama karen da ba ya tare da kowa, su tsare shi kwana 3, in ba a zo ba su sayar ko su kashe. To, 'yan sanda ba su da wurin ajiye dubban karnuka a ofisoshinsu, saboda haka suka riƙa kai su gidan Holloway. Maƙwabta suka dami hukuma da ƙara saboda haushi da wari, har a 1871 aka tashi aka koma Battersea, kudu da kogin Thames, a wani fili da ke maƙale da hanyar jirgin ƙasa, inda ƙarar jirgi ta isa ta danne ta karnuka. Nan gidan ya ke har yanzu. A 1883 aka fara karɓar kyanwoyi.

Lasin nan ya yi ɓarnar da masu yin doka ba su hanga ba. Sule 7 da sisi kuɗi ne mai nauyi ga lebura. Kwikwiyo ba ya bukatar lasin sai ya kai wata 6, lasin kuwa ya kan ƙare ne da ƙarewar shekara. Saboda haka talaka ya kan riƙe kwikwiyo yara su yi wasa da shi, in lokacin biya ya zo a buɗe ƙofa a kore shi. Farkon kowace shekara sai gidan Battersea ya cika maƙil. Sa'an nan ga tsoron ciwon haukan kare. A 1885, shekarar da Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo a Faransa, hukumar 'yan sandan Landan ta ba da umurnin a sa wa karnuka takunkumi, wanda aka gani ba takunkumi a kama shi. Aka sake yin haka da ƙarfi daga 1897, zamanin da Walter Long ke shugabancin hukumar aikin gona. Mutane suka zage shi ƙwarai, amma kafin ƙarshen 1902 ciwon ya ɓace daga Ingila. Ya sake ɓullowa a 1918, aka kawar da shi a 1922. Kowane umurnin takunkumi kuwa, ma'anarsa ga Battersea ita ce amalanken 'yan sanda cike da karnuka kowace safiya, dubun-dubata a shekara.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗakuna ƙididdigaggu ne, masu zuwa cigiya kaɗan ne, masu saye ba su taka kara sun karya ba, gobe kuma wani amalanken yana tafe. Abin da ya rage shi ne kisa. Da fari guba a ke ɗura wa kare a baki, ɗaya bayan ɗaya. A 1884 wani likita, Benjamin Ward Richardson, ya ƙago wa gidan wani ɗaki wanda a ke tura keji cike da karnuka a cikinsa, a saki hayaƙi mai sa barci, su kwanta ba su farka ba. Aka kuma gina tanderun ƙone gawawwakin. Mutanen zamanin sun ɗauki wannan a kan ci gaba ne da jin ƙai, in an gwada da abin da a ke yi a waɗansu wurare kuwa ba su yi ƙarya ba: a birnin New York, cikin shekarun 1870, a kejin ƙarfe a ke zuba karnuka a nutsar da su a kogi, a Istambul kuma a 1910 aka kwashe dubban karnukan birni aka zubar a wani tsibiri da ba ruwa ba abinci. Amma masanin tarihi Philip Howell, cikin littafin da ya fitar a 2015 game da kare a zamanin Sarauniya Biktoriya, ya nuna cewa wurin da aka kira gida ya zama wurin tankaɗe: karen da ke da kamannin na gidan mutunci a mai da shi ko a sayar, karen titi kuwa a kawar da shi. Mafi yawan waɗanda suka shiga Battersea a ƙarni na 19 ba su fito da rai ba.

Da wuya a musa wannan magana. Sai dai akwai abu ɗaya da gidan ya tsaya a kansa, wanda ya cancanci a ambata. Likitoci masu binciken aikin jiki suna bukatar karnuka masu rai don gwaji, ga kuwa dubbai a Battersea waɗanda za a kashe ko ta yaya. Gidan ya ƙi sayar musu. Wannan ƙi shi ne mafarin tambayar mai saye ko shi wane ne, da abin da zai yi da karen, ko da ya ke tambayar ta wancan lokaci ba ta wuce ta sa hannu a takarda ba. Dokar Karnuka ta 1906 ta tabbatar da abin: ta hana a ba da karen da 'yan sanda suka kama don a yi gwaji da shi, ta kuma mai da kwanakin jira 7. Gyaran da aka yi mata a 1928 ya taɓo tsintuwa kai tsaye. Wanda ya tsinci kare tilas ya mayar wa mai shi ko ya kai wa 'yan sanda. In yana so ya riƙe, a rubuta sunansa, kuma lalle ya riƙe shi wata guda a ƙalla. Watau doka ta fara gane cewa ɗaukar kare alkawari ne.

Manya ma sun taimaka wajen cire wa karen tsintuwa ƙyama. A 1884 Yarima Leopold, ƙaramin ɗan Sarauniya Biktoriya cikin maza, ya ɗauki kare daga Battersea, a 1885 kuma Sarauniyar da kanta ta zama uwar gidan. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta karɓi wannan matsayi a 1956.

Akwai wani cikas wanda ba doka ba ce, ba kuma ƙyama ba. Cuta ce da a ke kira disitemfa, 'yar'uwar ƙyanda ta mutane da bushiya ta shanu. Inda duk aka tara karnuka da yawa daga wurare dabam-dabam, nan ta ke yaɗuwa kamar wutar daji. Mutum ya kan sayi kare lafiyayye a ido, ya kai gida, bayan mako guda ya fara zazzaɓi da majina, ya mutu, wataƙila ma ya shafa wa karen maƙwabci. Wanda abin ya taɓa samu ba ya komawa, ba ya kuma shawartar wani ya je. Cikin shekarun 1920 ne Patrick Laidlaw da George Dunkin suka yi binciken da ya kai ga allurar rigakafi a Landan, amma allurar ba ta zama abin da kowa ke iya samu ba sai cikin shekarun 1950. Kafin wannan, duk wa'azin da za a yi wa jama'a su ɗauki karen gidan karnuka, cutar tana rushe shi.

Wata ƙungiya ta bi ta wata hanya dabam. An kafa ta a 1891 da sunan ƙungiyar kare haƙƙin karnuka ta ƙasa, ita ce aka sake wa suna Dogs Trust a 2003. Mutanenta sun lura cewa kare da yawa ba ƙiyayya ta raba shi da mai shi ba, talauci ne. Sai suka riƙa biya wa matalauta kuɗin lasin, suka buɗe ɗakunan shan magani na kyauta. Dabarar tana da kyau, domin karen da bai bar gidansu ba, ba ya bukatar a nema masa wani.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu su suka fito da riƙon ƙwarya fili. A yaƙi na farko sojoji sun tafi sun bar karnuka, waɗansu kuma sun dawo daga Faransa da karnukan da suka tsinta a fagen fama, waɗanda doka ta ce sai an killace su watanni saboda ciwon hauka. Battersea tana da reshe a Hackbridge, bayan gari, nan aka tsare da yawa daga cikinsu. Nan ne ma aka ajiye karnukan jan kaya na Ernest Shackleton a 1914 kafin tafiyarsa zuwa ƙanƙarar kudancin duniya. Daga 1917 kuma Battersea ta ba makarantar Laftanar Kanar Edwin Richardson karnuka, aka koya musu kai saƙo a bakin daga.

Abin da ya faru a 1939 ya fi wannan nauyi. Da yaƙi ya matso, wani kwamitin da ke ƙarƙashin Gwamnati ya buga takardar shawara ga masu dabbobi: in da hali a aika da su ƙauye, in ba hali kuwa kashe su ya fi alheri. Jama'a suka riƙe rabin maganar na biyu. Aka shelanta yaƙi ran 3 ga Satumba, cikin kwana 4 na farko aka kashe karnuka da kyanwoyi wajen 400,000 a Landan kaɗai, bisa ga lissafin da masaniyar tarihi Hilda Kean ta kawo cikin littafinta na 2017. Mutane suka yi layi a ƙofar likitocin dabbobi, kowa da nasa a hannu, lafiyayye. Ba wanda ya tilasta musu, abinci bai yanke ba tukuna, bom kuwa bai faɗo wa Landan ba sai bayan kusan shekara guda. Shugaban Battersea na lokacin, Edward Healey-Tutt, ya yi ta roƙon mutane kada su yi gaggawa, gidan kuma ya ce karnuka 145,000 suka bi ta hannunsa kafin yaƙin ya ƙare.

A makon nan ne kuwa Gwamnati ke kwashe yaran birni tana rarraba su gidajen mutanen ƙauye. Wata mace mai sarauta, Nina, matar Duke na Hamilton, ta ga cewa abin da aka yi wa yara ana iya yi wa dabbobi. Ta yi kira ga mutanen karkara su karɓi riƙon karnuka da kyanwoyin mutanen birni har yaƙi ya wuce, waɗanda ba su sami mai karɓa ba kuma ta kwashe su zuwa gandunta na Ferne a lardin Wiltshire. Yaƙi ya ƙare, masu dabbobi da dama ba su dawo ba, wurin ya zama matsuguni na dindindin, sunansa kuma bai ɓace ba. A nan aka ga amfanin riƙon ƙwarya da haɗarinsa gaba ɗaya: yana ƙara ɗakuna ba tare da an aza tubali ba, amma wanda ya karɓa da niyyar wata uku ya kan wayi gari da kare har mutuwa.

Bayan yaƙi, al'adar sakin kare da safe ya yi yawonsa ya komo da maraice ta daɗe a unguwannin ma'aikata, karya kuma ta haihu sau biyu a shekara, ba mai tambaya. Abubuwa uku suka karya wannan. Na ɗaya dandaƙar karnuka da cire wa karya mahaifa, wanda ƙungiyoyi suka mai da shi sharaɗi ga duk karen da zai fita daga hannunsu, suka kuma rage wa matalauta kuɗinsa. Na biyu gargaɗi: a 1978 Clarissa Baldwin ta ƙago wa ƙungiyar 1891 ɗin nan wani take mai tunatar da mutane cewa karen da aka ba yaro kyautar Kirsimeti yana nan bayan biki ya wuce, taken kuwa ya shiga bakin kowa. Na uku wata 'yar ƙwayar shaida mai girman ƙwayar shinkafa, wadda a ke sa wa kare ƙarƙashin fata a doron wuya, mai ɗauke da lamba. In an ɗora na'ura sai lambar ta fito, a duba rajista a ga mai shi. Ita ce cigiyar da ba ta bukatar mai shela. Daga watan Afrilu na 2016 ta zama tilas a Ingila da Sikotilan da Wales. Lasin kuwa, wanda kuɗinsa bai motsa ba tun 1878 har ya zama kuɗin tara shi ya fi abin da a ke tarawa, an soke shi a 1988, ban da Ireland ta Arewa. Dokar 1990 ta ɗora wa ƙananan hukumomi naɗa ma'aikacin kama karnuka, a 2008 kuma aka sauke wa 'yan sanda wannan kaya bayan shekara 141. Ƙidayar da Dogs Trust ta riƙa yi ta nuna karnukan da hukumomi suka kama sun haura 130,000 a 1997, amma a 2018 ba su kai 60,000 ba.

Sai da ƙofar shiga ta ragu haka aka sami sukunin tsayawa a ƙofar fita. Dā mai saye ke zaɓen kare, ya biya, ya ja abinsa. Yanzu ƙungiya ke zaɓen mutum. A kan tambaye shi ko gidan nasa ne ko haya, ko akwai shinge, ko akwai yara ƙanana ko kyanwa, da sa'a nawa karen zai yini shi kaɗai. Waɗansu ƙungiyoyi har su kan aika a dubo gidan. Karen ma a kan gwada halinsa: yadda ya ke yi in an taɓa kwanon abincinsa, in ya ga baƙo, in ya gamu da wani kare. Ba ya fita sai an yi masa rigakafi da ƙwayar shaida, mai ɗauka kuma ya sa hannu cewa in riƙon ya gagara, ƙungiya zai mayar wa, ba zai sayar ko ya yar ba. An soki waɗansu ƙungiyoyi da tsanani, sukar kuwa tana da tushe. Mai haya da mai aikin yini da aka kora daga ƙofar gidan karnuka ba ya fasa neman kare. Intanet ya ke shiga ya saya daga hannun masu kiwon kwiyakwiyai don riba, waɗanda ba su tambayar kome sai kuɗi.

Riƙon ƙwarya na wannan zamani ya tsaya ne a kan abin da ma'aikatan gidajen suka daɗe da sani, cewa ɗakin siminti mai cike da haushi ba ya nuna ainihin halin kare. Wani ya kan rakuɓe a lungu ya ƙi cin abinci, wani ya yi ta zagaye wuri ɗaya, wani ya yi ta tsalle yana haushi har mai dubawa ya tsorata ya wuce. Wani bincike da Lisa Gunter da abokan aikinta suka buga a Amurka a 2019 ya nuna cewa kwana ɗaya ko biyu a gidan mutum yana rage sinadarin damuwa a jikin kare, yana kuma ƙara masa hutawa, ko da ya ke abin ya kan komo in an mai da shi. Ga karen da aka wulakanta, wanda ya tashi ɗaure a bayan gida ko kulle a rumfa, riƙon ƙwarya makaranta ce: nan zai koyi hawa bene, da jin ƙarar injin wanki, da cewa hannun da aka ɗaga ba lalle na duka ba ne. Mai riƙon kuma shi zai gaya wa ƙungiya gaskiyar halinsa, yadda za a san irin gidan da ya dace da shi.

Akwai kuma karnukan da doka ta rataye. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ba 'yan sanda da masu duba na hukuma ikon ɗauke dabbar da ke cikin wahala daga hannun mai ita. Amma ɗaukewa ba ta kashe mallaka. Muddin mai karen bai sallama ba, ba a iya ba wani shi dindindin sai alƙali ya yanke hukunci, shari'a kuwa ta kan ci watanni, wani lokaci fiye da shekara. Kwikwiyon da aka ƙwato yana iya girma ƙewaye da waya. Saboda haka RSPCA ta kan ba da irin waɗannan riƙon ƙwarya, mai riƙon kuwa ya san alƙali yana iya cewa a mayar wa wanda aka ƙwace daga hannunsa. Waɗansu ƙungiyoyi sun koma ga tsohuwar dabarar hana rabuwa tun farko. Cinnamon Trust, wadda Averil Jarvis ta kafa a 1985, tana riƙe wa tsofaffi dabbobinsu in an kwantar da su asibiti, ta kuma yi musu alkawarin kula da su in sun rasu. A 2004 Dogs Trust ta fara wani shiri na riƙe karnukan waɗanda ke gudun dukan cikin gida, domin gidajen fakewa na mata galibi ba su karɓar dabba, mata da yawa kuma sun gwammace su zauna cikin azaba da su bar karensu a hannun mai dukan.

Kada a ɗauka hanya ta uku ta toshe. Dogs Trust ta yi alkawari tun cikin shekarun 1960 cewa ba za ta kashe lafiyayyen kare ba, amma tana da ikon zaɓen wanda za ta karɓa. Battersea kuwa al'adarta ta karɓi duk wanda aka kawo, wanda ya buɗe ƙofa haka kuwa shi lissafi ke kamawa. A 2010 wani shirin talabijin na BBC ya bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na karnukan da gidan ya karɓa a 2009 an kashe su, da yawa lafiyayyu ne a jiki, amma an ga halinsu ba zai bari a amince a sa su cikin iyali ba. Shekarun nan ne aka yi yayin riƙon karnuka masu ƙarfin muƙamuƙi don burga, samari su saya, in sun gagare su su yar. Gidan bai ɓoye lissafin ba, shi ya buɗe wa masu ɗaukar hoto ƙofa.

Dokar Karnuka Masu Haɗari ta 1991 ta ƙara wani kulli. Ta haramta iri 4, ta hana a sayar da su ko a ba da su kyauta, abin da a ke dubawa kuwa siffar jiki ce, ana auna kai da ƙirji da tsawo. Karen tsintuwa da 'yan sanda suka ce siffarsa ta faɗa cikin haramtattun nan, ko da ma'aikata sun shaida bai taɓa yi wa kowa gurnani ba, ba shi da hanyar zuwa sabon gida. Battersea da RSPCA da Dogs Trust sun yi shekaru suna neman a gyara wannan, masu goyon bayan dokar kuma suna nuna yaran da karnuka suka hallaka. Bayan kashe-kashen mutane da aka danganta da wani irin kare mai suna XL Bully, Gwamnati ta ƙara shi cikin jerin. Daga ran 31 ga Disamba 2023, ya zama laifi a Ingila da Wales a sayar da shi ko a ba wani riƙonsa na dindindin, daga ran 1 ga Fabrairu 2024 kuma mai shi sai da takardar izini. Makonnin ƙarshe na Disamba ɗin nan ma'aikatan gidajen karnuka suka yi ta buga waya dare da rana suna neman masu ɗauka kafin wa'adi ya cika.